Ɗaurin Mai Tsani

Litinin, 2 ga wata, ƙarfe 8 na safe

Kwamfutar da Auta ta aiko ta iso tun Asabar. Tana nan kan teburin falo, na lulluɓe ta da ƙyalle kamar yadda nake yi wa tafireta in an tashi daga ofis. Shekara talatin da ɗaya na yi ina buga wasiƙun mutane, don haka madannan ba su firgita ni ba, haruffa suna nan inda na bar su. Sauran ne ban san kansa ba balle gindinsa. Auta ta ce saura a ja mana intanet, ta riga ta yi magana da kamfani, jibi za su turo mutum.

Dalilin duk wannan hidima shi ne Mai Tsani. Haka nake kiran maigidana tun lokacin da yake zuwa ofishinmu gyaran layin tarho, tsani a kafaɗa, filaya a aljihu, yana ce mini Tafireta don ya ga na ɓata rai. Likitar da ke duba ciwon mantuwarsa ta yarda ta riƙa ganinsa ta kwamfuta daga falon nan, maimakon tafiyar yini guda zuwa asibitinsu. Bayan abin da ya faru a tasha, ranar da ya ɓace mini, ba zan sake shiga mota da shi ba. Wayar hannu kuwa ba ta ja a gidan nan sai an fita bakin titi ana ɗaga ta sama. An ba mu Alhamis, sha biyu ga wata, ƙarfe goma na safe.

Babba bai so ba. Shi ne ɗanmu na fari, kuma tun yana ƙarami in ya kafe ya kafe. So yake ya zo ya ɗauki ubansa a kwantar da shi a can asibitin, tunda kusa da shi yake. Na ce masa a gidan nan ubanka ya san inda takalminsa yake, ya san hanyar banɗaki ido rufe, in ka fitar da shi me kake tsammani zai saura? Ya ce a gwada, amma in likita ba ta gan shi ba, zai zo da mota.

Lafiya lau muke.

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe 3 na rana

Mutumin kamfani ya zo. Na zaci ɗan gayu za su turo mini, sai ga magidanci mai furfura a gemu, ya cire takalmi ba a ce masa ba. Ya huda bango, ya shigo da waya mai ruwan toka, ya ajiye wani ƙaramin farin akwati mai fitila a goshi. Sau uku ya sa na maimaita, na kuma rubuta: mai ruwan toka daga bango zuwa akwati, rawaya daga akwati zuwa bayan kwamfuta, baƙa zuwa soket. In fitila ta yi kore, akwai intanet. In ta yi ja, babu layi. Ya nuna mini inda zan danna in kira Auta, ya rubuta mini kalmar sirri, haruffa da lambobi a cakuɗe kamar kyanwa ta taka tafireta.

Mai Tsani yana zaune yana kallo, hannuwa kan gwiwa. Da mutumin ya ja wayar ta miƙe sosai a jikin bango, sai ya ce, “Ka bar mata numfashi. Waya ba a shaƙe ta.”

Mutumin ya sassauta, ya ce Baba ya san aiki. Na ce shekara talatin da shida ya yi yana hawa falwaya, in bai sani ba wa zai sani? Daga nan suka shiga hirar yadda layi ke yi in ruwa ya shiga, ya yi wajen minti goma yana magana ko sau ɗaya bai tsaya neman kalma ba. Na so a ce Babba yana wurin.

Sai ga Auta a fuskar kwamfuta, har tabon da ke girarta ina gani. Ta yi kuka, na ce ta daina kada ta jiƙa mana sabon kaya. Ubanta ya ɗaga mata hannu, ya kira ta da sunan ƙanwarsa. Ai suna kama, ni ma nakan yi.

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe 7 na safe

Akwatin a mace na tarar da shi, ba kore ba ja. An cire wayoyin duka uku, an naɗe kowace a zagaye, an ɗaure ta da bakinta sau biyu an soke. Rawaya da baƙa an jera su a gefen tebur, ta bangon kuma tana reto a inda ta shigo. Na ɗauko takardata na mayar. Minti arba'in na yi a durƙushe, gwiwata ta gaya mini ra'ayinta. Kore ya dawo.

Juma'a, 6 ga wata, ƙarfe 6 na yamma

Haka dai. Na mayar.

Asabar, 7 ga wata, ƙarfe 11 na safe

Babba ya kira wayar hannu, sai da na fita bakin titi. Wai jiya da yamma shi da yara sun yi ta gwada kwamfuta ba ta shiga. Na ce kamfanin ne, layinsu yana ɗaukewa. Ya ce zai kira su ya yi musu tatas, na ce ya ƙyale su, sabon layi ne, zai daidaita. Allah ya yafe mini, kamfanin nan bai yi mini komai ba.

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe 5 da rabi na yamma

Yau na bar tukunya na tsaya a bakin ƙofar kicin.

Ƙarfe biyar ake tashi daga aikinsu. Ya dubi agogon bango, ya miƙe, ya durƙusa gaban tebur ba tare da ya dafa komai ba, shi da sai na kama shi kafin ya sauka daga gado. Ya zare baƙa tukuna, don wuta ake fara cirewa. Ya naɗe ta tsakanin babban yatsa da gwiwar hannu, ya ɗaure sau biyu, ya soke bakin. Haka ya koya wa yaran nan naɗe wayar dutsen guga, har Babba yana kuka wai ubansa ya fiye takura. Fuskarsa a kwance take, rabona da in gan ta haka tun kafin tasha. Mutumin da bai san ya ci abincin rana ba, hannunsa bai manta komai ba.

Da ya gama ya karkaɗe wando, ya ɗaga murya ya ce, “Tafireta, an tashi.”

Na kawo masa ruwa. Ba wani abu ba ne, zan riƙa mayarwa da safe.

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe 10 da minti 40 na safe

Babu rawaya. Na duba ko'ina. Lokaci ya wuce.

Alhamis, ƙarfe 4 na yamma

A cikin jakar aikinsa take, can saman wadirob, jakar da ya shekara tara bai taɓa ba. Wato kujera ya taka ya hau, ina tsakar gida ina shanya. Ba na son tunanin wannan.

Sakataren asibiti ya ba mu wata rana, Alhamis ashirin da shida. Babba ya ce, “Umma, wannan ce ta ƙarshe.” Na sake ɗora wa kamfani. Bayansa Auta ta kira, ita ba ta faɗa, a hankali take kama mutum. Ta tambaye ni ko da gaske kamfani ne. Na ce ba na jin ta, wayar tana yankewa. Ina jin ta sarai, ina tsaye a bakin titi mai shagon gabanmu yana kallona.

Juma'a, 13 ga wata, ƙarfe 9 na safe

Na ɓoye jakar cikin akwatin zannuwana. Wayoyin kuma na liƙe su da tef a bakin kowane rami, na naɗa na sake naɗawa. A zo a cire mu gani.

Lahadi, 15 ga wata, ƙarfe 2 na rana

Kwana biyu ke nan yana nema. Ƙarƙashin gado, bayan firij, har cikin kwandon shara. Ba ya cin abinci. Wai kayan ma'aikata ne a hannunsa, in shugaban sashe ya ji sun ɓata za a ba shi takardar tuhuma, shi da bai taɓa ɓatar da ko ƙusa ba. Ɗazu ya zo ya tsaya kaina, ya roƙe ni in buga masa wasiƙar bayani, tunda ni na iya tsara magana. Ma'aikatar nan an rufe ta tun Auta na makaranta.

Na ce zan buga. Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada ya ji ni.

Litinin, 16 ga wata, ƙarfe 8 na safe

Na mayar masa da jakarsa.

Talata, 17 ga wata, ƙarfe 5 da rabi na yamma

Ja.

Tef ya hana wayar fita, shi kuma ga filaya a hannu. Ya datse mai ruwan toka daga jikin bango, yanka mai kyau, ya naɗe bakin da tef don kada wani ya ji ciwo. Saura kwana tara.

Na yi masa tsawa. Shekara arba'in da ɗaya muna tare, mun yi faɗa iri-iri, amma ban taɓa ɗaga masa murya haka ba. Abin da na faɗa ba zan rubuta shi nan ba. Ina ma ya rama faɗan. Sai ya mayar da hannuwansa baya, ya sunkuyar da kai, ya ce, “Za a gyara, ranki ya daɗe.”

Laraba, 18 ga wata, ƙarfe 7 na safe

Bai tuna ba. Ni ce na tuna.

Alhamis, 19 ga wata, ƙarfe 1 na rana

Mai furfurar nan na kamfani ya dawo. Na ce masa ɓera ne. Ya ɗaga wayar ya dubi yankan, ya dubi tef, ya juya ɗaurin a hannunsa, ya ce lallai ɓeran nan ya yi makarantar koyon sana'a. Na so in yi dariya, sai idona ya kawo ruwa. Bai kalle ni ba, ya ci gaba da aikinsa, Allah ya saka masa.

Yana haɗa wayar yake ba ni labari wai wanda ya koya masa aiki tsohon ma'aikacin tarho ne, shi ma haka yake ɗauri. Sannan ya rage murya, don Mai Tsani na ɗaki.

“Mama, su a zamaninsu aiki ba ya ƙarewa sai masu gida sun sa hannu a kati. In ba a sa ba, ba a barin kaya a gidan mutane. Lokacin tashi na yi, sai a kwashe.”

Bayan ya tafi na buɗe aljihun gefen jakar. Katunan aiki suna nan, guda tara, sun yi jaja-jaja don tsufa, an ɗaure su da roba. Layin farko na mai ƙorafi, na biyu na matsala, na ƙasa na sa hannu.

Juma'a, 20 ga wata, ƙarfe 6 na yamma

Da safe yana wanka, ni da kaina na cire wayoyin. Na cika kati, a wurin matsala na rubuta layi ya mutu. Na jira ya shirya, na tsaya a ƙofar falo na ce, “Mai gyara, layina ya mutu.”

Ya kalle ni. Sannan ya miƙo hannu ya karɓi katin, ya ɗauko jaka.

Minti shida ya yi, ni da nake yin arba'in da takarda a hannu. Bai taɓa ganin irin akwatin nan a zamanin aikinsa ba, amma ya bi kowace waya da yatsa, ya leƙa bakinta, ya kai ta gidanta. Ragowar mai ruwan toka da mutumin kamfani ya bari tana jan ƙasa, ya naɗe ya yi mata ɗaurinsa, ya kafa ƙusa a bangon bayan kujerata ya rataye. Kore ya kama. Ya miƙo mini kati da biro, na sa hannu.

Ƙarfe biyar ya dubi agogo, ya dubi katin da ke kan tebur, ya gyara zama. Ya cinye abincinsa tas, har ya nemi ƙari.

Lahadi, 22 ga wata, ƙarfe 4 na yamma

Kwana uku kore. Kullum da safe in cire, in cika kati, ya gyara, in sa hannu. Jiya Babba da yara suka kira, sun gan shi yana dariya, Babba ya ce ashe kamfanin ya shiryu.

Bayan aiki yakan zauna ya sha shayi, yana ba ni labarin ranar da zuma ta kore shi daga kan falwaya. Na ji labarin nan ya fi sau ɗari, ni na cire masa ƙarin a wuya, amma ina dariya inda ake dariya. Yau ya tambaye ni ko ina da yara. Na ce biyu. Ya ce Allah ya raya. Wasa ne ai, kuma ni na fara shi.

Talata, 24 ga wata, ƙarfe 12 na rana

Tun Juma'a bai ce Tafireta ba.

Yau na ƙi cire komai, na ƙi cika kati. Na zauna kusa da shi a doguwar kujera, na ce Mai Tsani. Ya matsa gefe, cikin ladabi, ya tambaya ko maigidan ya yi tafiya ne. Wajen sha ɗaya ya fara zagaye yana duban wayoyi, hannunsa na shiga aljihun filaya. Na tashi na ɗauko kati.

Saura kwana biyu. Bayan Alhamis zan daina.

Laraba, 25 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Kore. Na goge masa farar rigarsa.

Alhamis, 26 ga wata, ƙarfe 2 na rana

Ya haɗa layin da kansa ƙarfe tara, na sa hannu. Ƙarfe goma daidai na danna inda aka ce, na buga kalmar sirri ba kuskure, sai ga likita, hoto tangaran, murya kamar tana falon. Babba ma ya shigo layin daga ofishinsa, fuskarsa a wani ƙaramin gida a gefen allo. Na ji daɗi, wallahi na ji. Na ce a raina mun ci.

Ta tambaye shi yau wace rana, bai samu ba, amma ni ma sai na duba kalanda. Ta nuna hotuna, ya gane agogo, ya gane makulli, ya tsaya a kan sauran. Ta ce ba komai. Sannan ta yi murmushi ta tambaye shi wace ce zaune kusa da shi.

Ya ce, “Matar gidan ce. Layinta nake zo wa.”

Ta tambaye shi ina matarsa. Ya ce tana ofis, tafireta take bugawa, sai biyar take tashi. Sai ya juyo gare ni, irin juyowar mai ba da shawara don Allah.

“Malama, in maigidanki ya dawo ki gaya masa ya daina cire wayoyin nan. Shi ke kashe miki layi.”

Ban dubi likita ba, Babba na duba. Ya cire tabarau ya rufe fuska da hannu. Sati uku ina roƙon kore, a wannan minti na roƙi Allah fitilar nan ta yi ja. Ba ta yi ba. Aikin Mai Tsani ba ya yankewa.

Likita ta ce in ba shi shayi a ɗaki in dawo. Na dawo na faɗa mata komai, tasha, kujera, filaya, katuna. Ta ce hawan kujera da filaya sun fi damunta, ya kamata ya zauna wurinsu sati shida a duba shi. Na tambaye ta ko katunan ne suka sa ya manta ni. Ta ce a'a, tafiyar abin ke nan, kada in ɗora wa kaina. Na ji ta. Ban ce na yarda ba.

Babba bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, “Umma, ke kaɗai kika ɗauki duk wannan?” Da ya yi faɗan da na fi samun sauƙi.

Asabar, 28 ga wata, ƙarfe 12 na rana

Sun tafi.

Ya ƙi shiga mota. Babba ya yi lallashi, ya yi roƙo, shi kuwa ya riƙe ƙyauren ƙofa ya ce bai san wannan mutumin ba. Kati ɗaya ya rage. Na shiga na cika shi, na rubuta layi ya mutu a wani gari, ana neman ƙwararre. Na miƙa wa Babba, Babba ya miƙa masa. Ya karanta, ya saki ƙofa, ya ɗauki jakarsa ya shiga gaba. Ta taga ya ce mini kada in bari kowa ya taɓa wayoyin.

Sashen da za su ajiye shi ba a zama da majinyaci. Gidan Babba kuma hawa na uku ne, gwiwata ba za ta kai ba. Na ce zan tsare gida, ya dawo ya tarar da komai inda ya bari. Babba ya ce to, Umma. Bai kalle ni ba da ya faɗa.

Litinin, 30 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Ƙarfe biyar. Kore.

Laraba, 1 ga wata, ƙarfe 7 na safe

Na dafa shayin mutum biyu. Silifas ɗinsa na bakin gado, ban kawar ba.

Lahadi, 5 ga wata, ƙarfe 4 na yamma

Babba ya kai tasa kwamfutar asibiti don mu gana. Tun ƙarfe biyu na shirya, na ɗaura ɗankwalin da yake so, na zauna ina gadin fitila. Sai ga shi. Sun yi masa aski ya yi ƙasa da yawa, shi ba ya son haka. Rigar ma ba tasa ba ce. Amma ya yi haske, ba zan yi ƙarya ba.

Na yi masa sannu. Na tambayi abinci, na tambayi barci, yana amsawa da kai. Babba ya sunkuyo ya ce Baba, ka ga wace ce? Ya matso da fuskarsa har ta cika allon. Sai na lura ba ni yake kallo ba. Bangon bayana yake kallo, inda ƙusar take.

Ya ce, “Malama, wa ya ɗaure miki wayar can?”

Na ce, “Maigidana ne.”

Ya jinjina kai. “Ya iya aiki. Irinsu sun ƙare yanzu. Ki gaishe shi.”

Na ce masa zai ji.